Hotsifot ɗin kwamfuta ya ƙi aiki? A dakata da fomatin tukuna

Ranar wata Asabar bayan la'asar ɗan yayata ya shigo gidana rungume da kwamfutarsa, fuska a murtuke. Ɗalibi ne a shekarar ƙarshe. A ɗakin da suke haya kebul ɗin intanet guda ɗaya tak gare su, shi ke soka shi a kwamfutarsa ya kunna hotsifot, abokan zamansa uku su kama da wayoyinsu. Kwana biyu ke nan abin ya tsaya cik: wayoyin suna kamawa, amma ko saƙon WhatsApp ba ya wucewa. Ya kai wa wani mai gyara, mutumin ko minti biyu bai yi yana dubawa ba ya ce sai an yi mata fomatin. "Kawu, aikina na kammala karatu duk yana ciki," in ji shi.

Wannan kalma ta fomatin tana ci mini rai. Ta zama maganin kowace cuta a bakin wasu masu gyara, alhali goge kwamfuta kacokan saboda hotsifot daidai yake da rushe ɗaki don makulli ya cije. Hotsifot aiki uku ne aka haɗa a maɓalli guda. Da farko kwamfuta tana karɓo intanet daga wani wuri, ko kebul, ko modem, ko Wi-Fi na wani. Sannan tana buɗe nata Wi-Fi da suna da kalmar sirri. A tsakani kuma akwai mai ɗebo ruwa daga wancan ɓangare ya zuba a wannan. In abin ya lalace, kusan kullum ɗaya ne daga cikin ukun ya sami matsala, kuma yadda ya lalace shi ke nuna wanne ne.

Wannan na tsakiyar dattijo ne. Sunansa Internet Connection Sharing, yana cikin Windows tun 1999, zamanin Windows 98 fitowa ta biyu. A Windows 7 mai son mayar da kwamfutarsa hotsifot sai ya buɗe baƙin allon nan ya rubuta umarni da hannu. Sai a watan Agustan 2016 kamfanin Microsoft ya sa maɓallin Mobile hotspot a Windows 10, ya kuma ƙayyade na'urori takwas a lokaci guda. Na kawo tarihin ne domin har yau ana koya wa mutane tsohon umarnin netsh wlan show drivers, a ce in aka ga amsar No a layin Hosted network to kwamfutar ba ta iyawa. Ba haka ba ne. Sabon maɓallin wata hanya daban yake bi, ta Wi-Fi Direct, kuma kwamfutoci da yawa da ke ba da waccan amsa suna yin hotsifot lafiya lau.

Kafin a taɓa komai, a sake kunna kwamfutar, amma ta Restart. Mutane da dama ba su san cewa tun daga Windows 8 danna Shut down ba ya kashe komai da komai ba. Kwamfutar tana adana halin da zuciyarta ke ciki don ta tashi da sauri gobe, sai ta tashi da ciwon da ta kwanta da shi. Restart ne ke ɗora direbobi daga farko.

Ciwon da ɗan yayata ya kawo shi ne ya fi yawa, ya kuma fi rikita mutane, tunda a ido komai daidai yake. Na karɓi wayarsa na shiga bayanin Wi-Fi ɗin da ta kama don in ga lambar adireshin da aka ba ta. Kwamfutar da ke hotsifot tana ɗaukar wa kanta lamba 192.168.137.1, sannan ta raba wa baƙinta lambobin da suka fara da 192.168.137, kamar yadda ake bin layi ana liƙa wa gidaje lamba. In waya ta tsaya tana ta juyawa tana neman adireshi, ko wata kwamfutar da ta kama ta nuna lamba mai farawa da 169.254, to mai rabon lambar ne ya yi barci. Sai a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta services.msc, a nemo Internet Connection Sharing a sake tayar da shi, a kashe hotsifot a kunna.

Tasa wayar kuwa ta sami lamba daidai. Ke nan an ba ta gida, ruwa ne ba a jawo mata ba. Na tambaye shi ko ya sa wani sabon abu a kwamfutar cikin makon. Ya yi jim, ya ce ya sauke wata manhajar VPN don buɗe wani shafi. To ga ɓarawon. Irin waɗannan manhajoji suna ƙirƙirar tasu hanyar su karkatar da intanet ta cikinta, sai mai rabo ya rasa inda zai ɗebo. Wasu manhajojin kariya daga cutar kwamfuta ma suna yin haka, su ɗauki wayar mai gida a matsayin baƙon da ba a yarda da shi ba su tare ta.

Muka kashe VPN ɗin, abin bai dawo ba, don haka muka ɗaura igiyar da hannu. Ana barin hotsifot a kunne, a danna Windows da R, a rubuta ncpa.cpl. Duk hanyoyin sadarwar kwamfutar za su bayyana, a cikinsu akwai wata mai suna Local Area Connection da ɗan tauraro da lamba a gabanta, wadda ke ɓacewa in an kashe hotsifot. Ita ce hotsifot ɗin. Sai a je kan hanyar da intanet ke shigowa, a wurinsa ta kebul ce, a buɗe Properties, a shiga Sharing, a yi wa akwatin farko maki, a zaɓi mai tauraron a ƙasa. In an tarar da makin tun da farko, a cire shi, a danna OK, a dawo a sake sawa. Muna gamawa wayarsa ta fara ƙara a hannunsa, saƙonnin kwana biyu suna ta shigowa. Ko kiran magariba ba a yi ba.

Wani lokaci kuma maɓallin ne da kansa ke ƙin kunnuwa. A fara duba ko Wi-Fi na kwamfutar a kunne yake, domin ko da ta kebul intanet ke shigowa, da katin Wi-Fi ake watsawa, kuma kwamfutocin gwanjo da yawa suna da ɗan makunni a gefe ko a jerin maɓallan sama wanda hannu kan taɓa ba a sani ba. Masu tsohon modem na USB, mai zuwa da manhajarsa ta danna Connect, su ma sukan sha wannan wahala, domin Windows na ɗaukar irin wannan haɗi tamkar bugun waya na da, maɓallin hotsifot kuma ba ya lissafa shi. In ba waɗannan ba ne, a leƙa Device Manager a duba direban katin Wi-Fi. Matsalar da ta fara washegarin sabunta Windows sau da yawa maganinta Roll Back Driver ne, wato a koma tsohon direban da ke aiki. In babu wannan damar, a ɗauko direba daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, kada a yarda da manhajojin nan masu alkawarin gyara duk direbobi a danna ɗaya.

Wayar da ba ta ganin sunan hotsifot ɗin kwata-kwata, alhali ta maƙwabci tana gani, zancenta gajere ne. Wi-Fi na tafiya a zango biyu da aka fi sani, 2.4 GHz da 5 GHz, ƙananan wayoyi masu araha da yawa kuma na farkon kaɗai suke ji. A shiga Edit a saitin hotsifot a zaɓi 2.4. Bai kai ɗayan gudu ba, amma ya fi shi ratsa bango.

Mai yankewa kuma yana dawowa, a zargi tsimin batir. Akwai saitin da ke kashe hotsifot in an yi 'yan mintuna babu wanda ya kama, ana iya kashe shi a shafin hotsifot ɗin. Mu da ake ɗauke wa wuta babu sallama ya kamata mu kula da wannan sosai, domin da zarar kwamfuta ta koma kan batir sai ta fara rage wa katin Wi-Fi ƙarfi, in kuma aka rufe murfinta ta yi barci, hotsifot ya tafi da ita.

In duk an gwada an gaza, akwai Network reset a saitin sadarwa. Yana cire duk hanyoyin sadarwa ya sake dasa su, ba ya taɓa takarda ko hoto ko guda. Abin da yake gogewa shi ne kalmomin sirrin Wi-Fi da kwamfutar ta haddace, don haka a rubuta su a takarda tukuna. Katin Wi-Fi da ya mutu murus ma ba dalilin fomatin ba ne, ana sayar da ɗan ƙarami na USB wanda bai fi kan yatsa ba, sai dai a gwada shi da hotsifot a gaban mai shago kafin a biya.

Da zai tafi na riƙe shi da magana guda. Waya in ta kama Wi-Fi ɗauka take ta faɗa kogi, sai ta hau sabunta manhajoji da tura hotuna ma'ajiyar intanet ba tare da ta tambayi kowa ba. A ɗakinsu kebul ne, da sauƙi, amma ran da ya raba daga datar da ya saya da kuɗin aljihunsa, na ce kowa ya shiga saitin Wi-Fi na wayarsa ya nuna mata cewa wannan haɗin a kan awo yake. Na kuma sa shi ya kwafe aikin karatunsa a filashi a gabana kafin ya rufe kwamfutar.