Neman Labari a Google: Jawabi ga Iyayen Ƙasa da Magatakarda

Wannan jawabi zuwa ga iyayen ƙasa na Jega da Aliero da Maiyama, Allah ya ja zamaninsu, da malaman da ke riƙe musu alƙalami.

Yanzu da wuya a sami ofishin uban ƙasa wanda ba shi da waya mai intanet. In wata magana ta shige duhu sai a ce, "Malam, duba mana a Google." Magatakarda ya rubuta kalma ɗaya, ya karanta abin da ya fara fitowa, ya ce ga amsa. To, a nan ɓarna ta ke. Google ba malami ba ne, ɗan aike ne mai sauri wanda bai san ƙasarmu ba. Abin da ka ambata masa shi zai ɗauko, ko da ba shi ka ke nufi ba.

Ga misali. In ka rubuta Jega kaɗai, yawancin abin da zai fito labarin Farfesa Attahiru Jega ne, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015. Haka kuma Aliero, sai ya haɗa maka garin da Adamu Aliero, gwamnan Kebbi daga 1999 zuwa 2007. Maganin wannan shi ne ƙarin kalma, watau ka rubuta: kasuwar Jega Kebbi. In sunan mutum ya dame ka, sa ɗan karan nan na ɗebewa a jikin sunan, ba tare da fili ba, kamar haka: Jega -Attahiru. Sai ya fid da shi.

Abin da ya fi wahal da magatakarda shi ne neman tsohon labari, kamar na iyaka tsakanin ƙauyuka ko tarihin sarauta. Dalili kuwa sunaye sun sake. Ba a yi Jihar Kebbi ba sai 1991. Daga 1976 zuwa wannan shekara ƙasarmu tana cikin Jihar Sakkwato, daga 1967 tana cikin Jihar Arewa maso Yamma, kafin nan kuwa Lardin Sakkwato a ke cewa. Saboda haka wanda ya nemi takardar zamanin En'e da sunan Kebbi ya aiki ɗan aikensa gidan da ba a gina ba tukuna. Lalle ne ya rubuta Sokoto Province ko Gwandu Division, da Turanci, don da shi aka rubuta yawancin takardun. Rubutun sunan ma ya kan bambanta. Baturen nan Barth, wanda ya sauka Gwandu a 1853, Gando ya rubuta. Takardun gwamnati da yawa su kan rubuta Aleiro maimakon Aliero. A gwada kowanne. Haka kalmomi masu ƙ da ɗ da ɓ, a nema da lanƙwasa, a sake nema babu ita, don mutane da yawa ba su sa ta.

In ka san ainihin sunan takarda, sa shi tsakanin alamun zance, "kamar haka", sai ya nemo kalmomin a jere yadda ka rubuta su. In kuwa maganar hukuma ka ke so, ƙara site:gov.ng a ƙarshe, ba zai kawo kome ba sai daga shafukan gwamnatin Nijeriya. Ƙarin filetype:pdf ya kan fito da cikakken rahoto wanda za a iya bugawa a sa a fayil.

Sa'an nan sai karatu da lura. Abin da ya zo a sama ba lalle shi ne gaskiya ba, wani sa'i talla ce wadda aka biya kuɗi aka ɗora. Taƙaitaccen bayanin nan da na'ura ke haɗawa da kanta, shi ma ya kan yi kuskure, a buɗe shafin da ya ɗauko daga ciki a gani. A duba kwanan wata kuma. Farashin albasa na shekara uku da suka wuce ba ya amfanin manomin Aliero, kuma a ganina dillali a kasuwa ya fi Google sanin kuɗin buhu na yau nesa ba kusa ba.

Inda ya fi haɗari shi ne sanarwar ɗaukar aiki ko rabon taki wadda ta ce a fara aika kuɗi. Abin da magatakarda ya karanta wa uban ƙasa, gobe mai shela zai kai shi ƙauyuka, talakawa kuwa za su gaskata don daga fada ya fito. In suka yi hasara, sunan uban ƙasa za a kira. Kada a yi shelar irin wannan sai an gan ta a shafin ma'aikatar da a ke cewa ita ta fitar, ko an tambayi sakataren ƙaramar hukuma ya tabbatar a rubuce. Magatakarda ya rubuta sunan shafin da ranar da ya duba a gefen takardar kafin ya kai ta gaban uban ƙasa.