Audugar gilashi: maganin zahin kwano, amma a duba kahin a saya

Duk wanda ya yini a shago mai ruhin kwano cikin watan Afirilu ko Mayu, a Maraɗi ko Damagaram, Tawa ko Yamai, ya san abin da muke nuhi. Zahin gari yakan wuce digiri 40, shi kuwa kwano idan rana ta tsaya ba ya taɓuwa da hannu. Man shafawa ya narke, alewa ta manne, turare ya salance, magani ya lalace. Mai shago da yaransa su yi ta gumi, mai saye kuma ba ya son daɗewa a ciki balle ya yi ciniki.

Shi ya sa masu gina mangaza da manyan rumfunan ƙarfe suke shimfiɗa wata aba a ƙarƙashin kwano, wadda da Faransanci ake kira len-da-ber. Mu dai bari mu ce mata audugar gilashi. Tana zuwa a nannaɗe kamar tabarma, galibi rawaya, wani lokaci da takardar alminiyom mai ƙyalli a gehe guda. Sai dai akwai mai kyau, akwai ta banza, kuma ido kaɗai ba ya rarrabe su.

Yadda ake yin ta

Asalinta yashi ne. Ana haɗa shi da farar ƙasa da wata irin kanwa da fasassun kwalabe, a narkar da su a tanderu mai zahin kusan digiri 1,400. Ruwan gilashin sai ya zuba cikin wani kwano mai dubban ƙananan ƙofohi da ke juyawa da sauri ƙwarai, ya hito zare-zare, kowane zare bai kai kaurin gashin kai ba. A hesa masa danƙo, a gasa a wani tanderun don ya kama jikinsa, a yanka, a matse, a naɗe.

A ƙasar Amurka aka fara wannan sana'a gadan-gadan, inda aka kafa kamfanin Owens-Corning a shekarar 1938. A Faransa kuwa kamfanin Saint-Gobain ne ya yi suna da ita, a ƙarƙashin sunan Isover.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe: ba gilashin ne ke tare zahi ba, iskar da ke maƙale tsakanin zaruruwan ce. Saboda haka in aka danne audugar ta koma siririya, ko ruwa ya jiƙa ta, amfaninta ya ragu sosai, ko nawa aka kashe a kanta.

Lambobin da ke jikin leda

Kaya na ƙwarai ba ya zuwa babu takarda. A jikin ledar za a ga sunan kamfani, kauri, faɗi, da lambobi biyu. Ta farko ana kiran ta lamda, tana tsakanin 0,030 da 0,040 ga mahi yawan audugar gilashi. Ƙaramar lamba ita ce ta hi kyau. Ta biyu ita ce R, wato ƙarhin tare zahi, ita kuma babbar lamba ake so. Lissahin ba wuya: auduga mai kaurin santimita 10 da lamda 0,040 tana ba da R 2,5. Mai santimita 5 rabin haka za ta ba da.

A nan sai a yi hattara. Amurkawa suna da nasu awon, kuma lambarsu ta ninka ta Turai sau biyar da ɗoriya. R 2,5 na Faransa ya kai kusan R 14 a Amurka. Kada wani ya nuna maka babbar lamba ya ƙara maka kuɗɗi alhali abu ɗaya ne. Tambayi da awon wace ƙasa aka rubuta.

Kayan Turai suna bin ƙa'idar EN 13162, suna ɗauke da tambarin CE. Na Faransa da yawa suna da shaidar ACERMI, hukumar da ke gwada kayan ta tabbatar da abin da kamfani ya rubuta. A Amurka akwai ƙa'idar NAIMA 202, wadda aka yi musamman don gine-ginen ƙarfe. Abin da ake so shi ne, bayan an manna wa audugar takarda an matse ta, ta kumbura ta koma kaurinta in an warware. Wannan gwajin kowa na iya yin irinsa a gaban mai sayarwa: a kwance naɗin, a girgiza, a jira kaɗan, a auna da mita. In an rubuta santimita 10 amma ta tsaya a 6, to an sayar maka da iskar da babu ita.

Batun gobara

Mu ƴan kasuwa ba mu manta da gobarar da ta cinye babbar kasuwar Yamai a 1982 ba. Audugar gilashi tsurarta ba ta kama wuta, kuma a awon Turai alamar A1 ce ke nuna haka. Amma takarda ko ledar da aka manna mata tana iya ci, don haka a duba alamar kayan gaba ɗaya. Farin soson nan mai sauƙin kuɗɗi da wasu ke sawa a ruhi kuwa yana narkewa, yana ci da baƙin hayaƙi. Araha ba ta ado.

Wajen ɗorawa

Kaya mai kyau a hannun magini maras kula asara ne. A toshe duk inda kwano ke yoyo tukuna. Kada a matse audugar hiye da kima, kada a bar giɓi tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa, a liƙe mahaɗar takardar. Masu aiki su sa riga mai dogon hannu, safar hannu, tabarau da abin ruhe hanci, don tana sa ƙaiƙayi da tari. A 2001 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lahiya ta Duniya ta cire ta daga jerin abubuwan da ake zargi, amma duk da haka ƙurarta ba ta shaƙa ba ce. Mata masu sayar da gari, ƙuli-ƙuli ko busasshen tumatir, ku tabbata an ruhe ta da sili, kada ta riƙa zuba kan abinci, kada kuma ɓeraye su yi gida a ciki.

Sannan a sani, audugar ba ta sanyaya ɗaki, zahin kwano kawai take tarewa. Mangazar albasa ko ta hatsi tana buƙatar tagogin shan iska ko da an sa ta.

Kahin ka ƙirga jikkunanka ka miƙa, ɗan'uwa, nemi takarda, karanta lamba, auna kauri. Wanda ya ƙi a kwance naɗi a gabanka, bar masa kayansa. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da asara.