Koyo a Idon Jama'a: Hanyar Wanda Ya Sauya Sana'a

Koyo a idon jama'a shi ne mai koyon sana'a ya riƙa nuna aikinsa tun hannunsa bai faɗa ba: abin da ya gwada, inda ya yi tuntuɓe, da yadda ya gyara. Tsarin ya fi amfanar wanda ya sauya sana'a da girmansa, kamar malamin firamare a Kiru da ya koma haɗa wutar sola, ko ɗan kasuwa a Tudun Wada da ya shiga rubuta manhaja. Irin wannan mutum ba shi da takardar shaida a sabon fagen, kuma nauyin iyali ba zai bar shi ya yi shekaru a gaban maigida ba.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, yaron shago a kan tebur yake kwance waya, maigida na gefensa, maƙwabta na leƙe, mai waya na tsaye. Da ya kai hannu inda bai dace ba, nan take za a tsawata masa. Abin da intanet ta ƙara shi ne yawan idanun, ta yadda mai koyo a Bebeji ko Doguwa zai samu gyara daga gwanin da ke Zariya ko Maraɗi.

Masu harkar kwamfuta sun mai da abin tsari. A 2016 Alexander Kallaway ya fito da ƙalubalen kwana 100, inda mutum ke rubuta manhaja aƙalla awa guda kullum, ya bayyana abin da ya yi. Yawancinsu a GitHub suke ajiye aiki, inda ake ganin kowane gyara da ranarsa. A Nijeriya kuma, a 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT don horar da mutum miliyan 3 a fannonin fasaha. Amma horo shi kaɗai ba ya kawo ciniki, sai an ga aiki.

Harkar sola ta isa misali. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu shaguna da manoman rani suka ƙara karkata ga hasken rana. Mai koyo zai haɗa batura biyu masu bolt 12, ya ɗauki hoto, ya rubuta yadda ya jona su. Wanda ya riga shi zai nuna masa cewa jona kan wannan da gindin wancan bolt 24 yake bayarwa, jona kai da kai kuwa yana nan a 12, sannan siririyar waya zafi take ɗauka idan lodi ya yi yawa. An kama kuskuren ke nan tun bai ƙona inbatar wani ba. Rubuta bayanin ma karatu ne, domin wanda ya kasa bayyana abu bai gama gane shi ba. Bayan watanni, hotunan nan su ne zai nuna wa mai neman aikinsa.

Babban cikas shi ne kunya. Magidanci na jin nauyin yaro ya gyara shi a bainar jama'a, alhali matambayi ba ya ɓata. Sai tsadar data da ƙarancin wuta, waɗanda ake rage wa kaifi da tara aikin mako a aika lokaci guda.

Tsarin yana da ladubba. Mai koyo ya faɗi gaskiyar matsayinsa, kada ya sayar da kansa a matsayin gwani. Ya ambaci wanda ya koya masa. Ya tace gyaran da aka ba shi, don ba duk mai magana ne masani ba. Sirrin abokin ciniki kuwa, hotunan wayarsa ne, lambobinsa ko cikin gidansa, amana ce da ba a nunawa sai da izininsa.