TUMATIRIN GADO: KA SHUKA A GIDA, KA AJIYE IRINKA



Maigida da uwargida, duk shekara idan damina ta kama sai tumatir ya yi tsada, har wasu gidajen su koma sayen farfasasshe mai funfuna. Wanda ya ga 2016 bai manta ba: tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin Kano da Kaduna, miyar ja ta gagari talaka. To, buhu biyar a tsakar gida zai rage maka wannan fargabar, idan ka dace da iri.

WANE IRI?

Irin zamani mai alamar F1 a jikin fakiti yana 'ya'ya sosai, amma idan ka cire ƙwayarsa ka sake shukawa ba zai fito kamar uwarsa ba, dole duk shekara ka koma shago. Shi kuwa irin gado, kamar Ɗan Siriya da Tandino da manoman rani suka daɗe da su, abin da ka shuka shi za ka girba, domin furen tumatir kansa yake yi wa barbara. Ba shi da kyan gani, fatarsa ba ta jure doguwar tafiya a mota, shi ya sa 'yan kasuwa suka guje shi. Kai da za ka tsinka ka miƙa wa uwargida, ina ruwanka da mota?

YADDA ZA KA CIRE IRI

1. Zaɓi wanda ya nuna sarai a jikin itace mai lafiya.
2. Matse ƙwayar da ruwanta a kofi, ka rufe da ƙyalle kwana 2 zuwa 3. Tsamin zai narkar da yauƙin da ke hana ta tsiro.
3. Zuba ruwa ka motsa. Wadda ta taso ka zubar, wadda ta nutse ita ce iri.
4. Shanya a inuwa har ta bushe ƙayau, ka adana a kwalba, nesa da zafi da laima.

SHUKA

A fara daga Oktoba zuwa Nuwamba, don zafin bazara yana kakkaɓe fure. Yafa irin a tsohon kwano, bayan mako 4 ka dasa ɗaya a kowane buhu. Haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen takin awaki, ka huda gindin buhun. Yana son rana ta awa 6 ko fiye. Ka zuba ruwa a gindi, ban da ganye. Ruwan alwala ma ya isa idan ba sabulu. Ka kafa masa kara, kuma ganyen da ka ga farin tabo na tsutsa a ciki, tsinke shi ka ƙona. Wata 2 zuwa 3 bayan dashe sai tsinka, in sha Allah. Idan ya yi yawa a yi kauɗa.

AMFANINSA

Gaskiya ɗaya: tumatir bai zo a hadisi ba, asalinsa Kudancin Amurka ne, kada wani ya ce maka maganin sunna ne. Abinci ne mai bitamin C da fotasiyam, da sinadarin laikofin da jiki ya fi tsotsa idan an dafa shi da ɗan mai. Mai ƙwannafi ya rage, mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa.

Ita shukar kanta ce ke da falala. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ne a gare shi. Don haka idan ka cire iri, ka ba maƙwabci. Ranar da naka ya lalace, a wajensa za ka karɓo.

Allah Ya sanya albarka a abincinmu, amin. A tura wa 'yan uwa.