Abin Da Ya Sa Motar Kawuna Ta Riƙa Ɓarin Mai

Da hutun da ya wuce na tafi gida Yangoji, a ƙasar Kwali, bakin babbar hanyar da ta tashi daga Abuja ta nufi Lokoja. Na tarad da kawuna cikin baƙin ciki. Yana da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano wadda ya ke ɗaukar fasinja da doya da ita tsakanin Abaji da Gwagwalada. Da ita ya ke ci da gida, da ita kuma ya ke biya mini kuɗin makaranta. To, motar nan ta ɓaci da shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, ta kuma ci gaba da hawa, kowane ɗigo kuɗi ne. Na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda muka gano ciwon, don da yawa cikinmu za a tura mu ƙauyuka inda malamin makaranta shi a ke tambaya kome.

Ga alamun da na gani. Baƙin hayaƙi na fita ta salansa. In an kashe ta da zafi, ba ta tashi sai an tura. Fulogi sun yi baƙi ƙirin, sun jiƙe. Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne, in an buɗe bonet sai ka ga fetur na tsatsowa ta bakin kafireto, yana ɗiga kusa da ƙarfe mai zafi. Kawu ya sake fulogi sau biyu, ya sake allurar kafireto, duk a banza.

Sai in koma baya kaɗan. Asalin motar nan mai injekta ce. Da injektar ta fara ba da wahala, wani bakanike ya cire ta ya ɗora kafireto, kamar yadda a kan yi wa tsofaffin motoci a ƙasar nan. Amma ya bar famfon lantarki na asali a cikin tanki. Nan ne tushen magana. Injekta fesa mai ta ke yi ta 'yan ƙananan kafofi, saboda haka tana bukatar turi mai ƙarfi, wajen bar 3 a yawancin motoci. Bar ɗaya kuwa kusan daidai ya ke da nauyin ruwa mai zurfin mita 10, iskar tayar ƙaramar mota ma bar 2 ce da 'yan kai. Kafireto ba haka ya ke ba. Kwano gare shi, da wani ɗan abu mai iyo a kan mai, wanda in kwanon ya cika sai ya taso ya tura allura ta toshe ƙofa, kamar ƙwallon nan na cikin tankin ruwan makarantarmu. Abin da allurar ta ke iya tarewa bai fi bar 0.3 zuwa 0.4 ba. Irin wannan ɗan turi ne famfon tsohuwar Peugeot 504, wadda a ka riƙa haɗawa a Kaduna, ya ke bayarwa. Watau famfon injekta ya ninka bukatar kafireto wajen sau goma. Tuwon ƙato ne a ka ajiye gaban jariri.

Bakaniken bai rasa dabara ba. Ya sa mahaɗa mai baki uku kusa da kafireto, baki ɗaya ya haɗa shi da bututun da ke mai da rarar mai tanki. Muddin hanyar komawar nan a buɗe ta ke, yawancin man sai ya bi ta ya wuce, turi ba ya taruwa. Shi ya sa motar ta yi watanni lafiya lau.

Ni dai ban san wannan duka ba sai da na je wurin malaminmu na sashen sana'a. Ya saurare ni, sa'an nan ya ce, "Kun auna?" Na ce a'a. Ya ara mini geji, ya ce kada in kuskura in saya wa Kawu kome sai na ga abin da allon ya nuna.

Da na koma na ce, "Kawu, a yi haƙuri a ba ni motar yini guda." Ya dube ni ya ce, "Malam ƙarami, yanzu har gyaran mota a ke koya muku?" Amma ya ba ni makulli. Muka tura ta fili nesa da murhu, muka ajiye bokitin yashi, na roƙi masu shan taba su ja da baya. Fetur in ya kama ba a kashe shi da ruwa, don bisa ruwan ya ke tasowa ya bazu. Kafin in kwance tiyo na cire kan batir, na naɗe mahaɗar da tsumma saboda feshi.

Na ɗaura geji dab da kafireto, muka ta da inji. Allon ya haura bar 1. Ashe allurar da a ka yi ta sakewa ba ta da laifi, fin ƙarfinta a ka yi. Saura a san inda turin ya ke taruwa. A makarantar mishan an koya mana abin da Blaise Pascal, mutumin Faransa, ya gano tun ƙarni na 17, cewa ruwan da a ka rufe in an matsa shi, matsin ya kan kai ko'ina cikinsa daidai. Ke nan toshewa can ƙarƙashin mota tana iya nuna kanta a bakin kafireto. Sai na cire bututun komawa daga mahaɗar, na sa wani tiyo mai faɗi a madadinsa, na zura bakinsa cikin jarka. Muka sake ta da inji. Mai ya yi ta zuba cikin jarka, geji ya faɗo ƙasa da rabin bar, tsatsowa ta tsaya. Wannan gwaji shi ne ya raba gardama. Da allon bai sauko ba, da sai mu ce laifin na mahaɗar ne ko na famfo. Tun da ya sauko, lalle toshewar tana tsakanin mahaɗa da tanki.

Na shiga ƙarƙashin motar ina bin bututun da yatsa. Kusa da tayar baya na same shi ya lotse, ya zama kamar karan da a ka taka. Kawu ya tuna da damina ya daki dutse a hanyar gona, yana ɗauke da doya. Muka yanke wurin, muka sa sabo.

Wanda motarsa ke da injekta har yanzu, amma a ka sa mata famfon da ya fi nata girma, shi ma wannan gwaji na jarka zai yi masa amfani. Sai dai shi yana da ƙarin abin dubawa, watau regileta, da ɗan siririn tiyon iska da ya haɗa ta da inji. In tiyon nan ya fita ko ya tsage, turi ya kan ƙaru da wajen rabin bar sa'ad da inji ke aiki a tsaye.

Abu biyu suka rage mana. Na zaro sandar auna baƙin mai na sansana, sai warin fetur. Man da ya yi ta malala ya gangara ya tsinka shi, baƙin mai tsinkakke kuwa cin inji ya ke yi, sai muka juye muka zuba sabo. Na biyu, a ganina dabarar mahaɗa mai baki uku jiran tsautsayi ce kawai, don ran da bututun ya sake lotsewa an koma gidan jiya. Na matsa wa Kawu, ko da ya ke ya yi ta gunaguni a kan kuɗin, ya sa a ka cire famfon injekta a ka ɗaura ƙarami irin na kafireto. Na sake aunawa, allon ya tsaya a bar 0.3. Ran da hutu ya ƙare shi ya kawo ni har ƙofar makaranta, na mayar wa Malam gejinsa tare da doya biyar da Kawu ya ce in kai masa.