Kafin Ka Biya Kuɗin Allon 4K Don Buga Gem

Rubutun "4K" da ke jikin kwali ya ci kuɗin masu buga gem da yawa. Abin da lambar ke faɗa kawai shi ne yawan ɗigon da ke haɗa hoto: 3840 a kwance, 2160 a tsaye, sama da miliyan 8 ke nan. Allon 1080p yana da kimanin miliyan 2, na 1440p kuwa kusan miliyan 3.7. Duk ɗigon nan na'urarka ce za ta zana su, sau da dama a kowace daƙiƙa. In katin hoton kwamfutarka ba shi da ƙarfi ka haɗa shi da 4K, wasan zai riƙa cijewa, kamar an ɗora wa babur kayan tirela. Mai PS4 ta asali kada ma ya wahalar da aljihunsa, iyakarta 1080p.

Lambar da ya kamata a fi dubawa ita ce Hz, wato sau nawa allon ke sabunta hoto a daƙiƙa ɗaya. Ga mai wasan harbi irin Call of Duty, allo mai inci 27, 1440p, 144Hz ya fi 4K mai 60Hz daɗin hannu nesa ba kusa ba.

Inda aka fi yi wa mutane rufa-ido shi ne kafar da ake soka waya. HDMI 1.4 ba ta wuce 30Hz a 4K, HDMI 2.0 tana tsayawa a 60, sai HDMI 2.1 ce ke kai 120. Mai PS5 da ke son 4K a 120Hz, dole kafar allon da wayar duka su zama masu ɗaukar 2.1. Mai kwamfuta ya nemi DisplayPort, ya kuma tambayi FreeSync ko G-Sync, su ke hana hoto yagewa.

"1ms" da "HDR400" da ake rubutawa a kwali yawanci ado ne na talla, kada su sa ka ƙara ko kwabo.

In na hannu za ka saya, a kunna maka shi a shago. Sa farin shafi, sannan baƙi, ka matsa kusa ka nemi ɗigon da ya mutu. In allon OLED ne, duba ko inuwar tsohon hoto ta zauna a kusurwa, don wannan tabon ba ya fita.