Me Ya Sa Batirin Sola Yake Mutuwa Da Wuri?

'Yan'uwa, a ƙauyukan Zurmi, Shinkafi da Ƙaura Namoda, wutar sola ce take tayar da famfon burtsatse, take sanyaya firjin allurar rigakafi, take kuma haskaka ɗakin taro da dare. Faifan sola yakan yi shekara 20 yana aiki. Batiri kuwa, wanda ake tara kuɗi da kyar kafin a saya, sau da yawa ba ya cika shekara 2. Babban dalili shi ne ana jan wuta ba tare da an auna ba.

Masana sun daɗe a kan wannan al'amari. Tun shekarar 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kuma binciken wutar hasken rana yana cikin manyan ayyukanta. Abin da masu irin wannan bincike suka tabbatar ba shi da wuyar ganewa. Batirin ruwa mai volt 12, idan ya cika ya huta, mita takan nuna wajen 12.7. Idan ta nuna 12.2, an sha kusan rabin wutar, nan ya kamata a tsaya. Duk daren da aka tatse shi ƙarƙaf, an rage masa kwana. Zafin watan Afrilu ma yana cinye shi, don haka kada a ajiye shi dab da rufin kwano.

Lissafin kaya kuma ga shi. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, idan ya yi awa 5 a kunne, ya sha 300. Ƙwan LED mai wat 10 zai sha 50 kawai, haskensu kuwa kusan ɗaya ne. Dutsen guga da hita ba kayan ƙaramin sola ba ne ko kaɗan, komai roƙon mai biki.

Yanzu akwai na'urorin awo masu layin waya a ciki, suna aika wa makanike saƙo kafin abu ya lalace. Masu bincike na Jami'ar Oksfod ta Ingila sun gwada irinsu a kan famfunan tuƙa-tuƙa a yankin Kyuso na ƙasar Kenya. Gyaran da a da yake ɗaukar kusan wata guda ya koma bai wuce kwana 3 ba. A wurinmu, inda rashin tsaro yake hana makanike shiga hanya sai da ƙwaƙƙwaran dalili, amfanin wannan a fili yake, muddin akwai sabis.

Kafin irin wannan na'ura ta iso, kwamitin da yake kula da sola ya sayi ƙaramar mita ta hannu. A zaɓi mutum ɗaya mai iya karatu ya riƙa rubuta lambar a littafi da asuba da kuma da yamma. Idan lambar asuba tana ta raguwa mako bayan mako, a goge ƙurar faifai, a duba ruwan batiri, a rage kaya, sannan a kai wa makanike littafin.